Gwaggo da Gaɗar 'Yan Makaranta

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Gwaggo ta rasu wata Talata da hantsi, a ɗakinta da ke gidanmu na gado a Fagge, aka kai ta bayan azahar. Yayar babanmu ce, ita ce babba a ɗakinsu, kuma tun da mijinta ya rasu ta dawo gida da zama. A hannunta na tashi.

Kwana uku ina zaune a tsakar gida cikin masu karɓar gaisuwa, kuma kwana ukun nan raina a ɓace yake, ba don rashin kaɗai ba. Mace za ta shigo, ta durƙusa, ta yi addu'a, sannan ta ce, "Allah sarki, baiwar Allah mai haƙuri." Wata ta ce, "Ba ruwanta da hayaniya." Har wata maƙwabciya ta ce ita ba ta taɓa jin muryar Gwaggo a sama ba. Gwaggon da idan ta daka tsawa a filin makaranta masu shaguna a bakin titi suke leƙowa!

Tsofaffin ɗalibanta ma sun zo, manyan mata yanzu, wasu da jikoki. Ɗaya daga cikinsu ta fara cewa, "Ai Malama ce ta koya mana..." sai ta dubi mutanen da ke zaune, ta sunkuyar da kai ta ƙarasa, "...tarbiyya." Na san kalmar da ta haɗiye. Gaɗa take son cewa.

Rana ta biyu aka sauke Iya daga adaidaita sahu, mutum biyu suna riƙe da ita saboda gwiwa. Iya aminiyar Gwaggo ce, tare suka yi aikin koyarwa. Iyayenta Yarabawa ne, amma a Sabon Gari aka haife ta, Hausarta kuwa ta fi tawa. Ta zauna kusa da ni ta saurari masu gaisuwa na ɗan lokaci, sannan ta matso ta ce a kunnena, "'Yata, wa suke yi wa ta'aziyya ne? Ni dai ban san wannan matar da suke faɗa ba."

Da yamma Baffa ya aiko na same shi a soro. Baffa ƙanin Gwaggo ne, malami ne mai karantarwa, kuma tun da babanmu ya rasu shi ne uba a gidan. Ya ce, "Na ji an ce za ki yi rubutu a kan marigayiya."

Na ce, "Haka ne, Baffa."

"To ki rubuta sallarta da azuminta da zumuncinta. Zancen rawar nan ki bar shi."

Na ce to, don ba a musu da babba a ranar makoki. Sallarta da azuminta gaskiya ne, na shaida, kuma Allah ya fi ni sani. Amma idan na tsaya a nan, wata matar daban na rubuta, ba Gwaggo ba.

Fiye da shekara talatin ta yi tana koyarwa a wata firamare da ke tsakanin Fagge da Sabon Gari, inda za ka ga 'yar Bahaushe da 'yar Bayarabe da 'yar Banufe a benci ɗaya. Darasin motsa jiki aka ba ta tun tana sabuwar malama, saboda babu mai so. Takardar manhaja ta ce a yi gudu da tsalle da wasan ƙwallo. Ƙwallon guda ɗaya ce, maza kuma sun riga sun mallake ta. 'Yan mata sai su taru a gindin darbejiya, wannan ta ce kanta ke ciwo, waccan ta ce ciki. Abin da ya ba Gwaggo mamaki shi ne, da an kaɗa ƙararrawar tara, waɗannan masu ciwon kan su ne za su kewaya bayan aji su kafa gaɗa. Su yi da'ira suna tafi suna waƙa, ɗaya ta fito tsakiya ta taka, ta dawo da baya ta faɗa hannun ƙawayenta, su cilla ta sama ta dira. Su jiƙe sharkaf da gumi, babu mai cewa ta gaji.

Ta ce mini a ranar da ta lura da haka ta ji kamar ta mari kanta. Washegari ta kwashe 'yan matan daga gindin bishiya ta kai su kusurwar fili, jikin katanga, ta ce, "Abin da kuke yi a ɓoye, yau shi ne darasi."

Ba a nan ta tsaya ba. Gwaggo ba ta yarda da abu sai ta gwada. Tana da agogon hannu na maza mai dogon tsinke, irin wanda ke nuna daƙiƙa. Sati ɗaya ta sa yara gudu, sati na gaba gaɗa, kafin a fara da bayan an gama ta kama wuyan hannun yarinya da yatsu biyu ta ƙirga bugun jininta, ta rubuta a littafi. Tana rubuta waɗanda suka zame, da waɗanda suka yi hamma a darasin da ya biyo baya. Shekara da shekaru tana wannan, babu wanda ya sa ta. Idan aka tsokane ta sai ta ce, "Ni ban ce gaɗa ta fi gudu ba. Cewa na yi gudun da yarinya ta ƙi yi ba ya gyara mata komai."

Iya ce ta kawo mata takun gidajensu na Sabon Gari, wanda ake duƙawa gwiwa ta yi aiki. Kullum cikin gardama suke. Iya ta ce gaɗarmu tsalle ne kawai kamar na fara, Gwaggo ta ce nasu kuma kamar mai neman allura a ƙasa. Su gama faɗan su haɗa biyun su koya wa yara.

A gida ma haka take. Takalmin kambas take sawa a ƙarƙashin zane, ko biki za ta. Daga gidanmu zuwa Kantin Kwari ba ta taɓa yarda ta hau abin hawa ba, kuma idan ka raka ta sai ka riƙa haɗawa da sassarfa. Idan ta shigo ta tarar da mu a kwance da rana sai ta ja tabarmar, ta ce, "Ku tashi, jininku ya kwanta kamar ruwan kwata." Mun ji haushinta ba sau ɗaya ba. Ba mace ce mai sauƙi ba, kuma ba ta iya ba da haƙuri ba ko da ita ce da laifi.

Faɗanta da Baffa ina aji biyar a makarantar da take koyarwa aka yi shi. Wani ne ya gaya masa a majalisa, a gaban mutane, cewa yayarsa tana koya wa 'ya'yan jama'a rawa. Ya shigo gida ko sallama bai ƙarasa ba. Gwaggo tana tsince shinkafa.

"Yaya, abin da nake ji gaskiya ne?"

"Me ka ji?"

"An ce rawa kike koyarwa. Gidan nan gidan karatu ne. Ni da wane ido zan kalli mutane?"

Ta ce, "Babu makaɗi, babu namiji, babu kuɗin liƙi. 'Yan mata ne ƙanana a jikin katanga suna tafi. Innarmu ma ta yi gaɗa a ƙofar gidan nan kafin a haife ka. Ka zo gobe ka gani da idonka."

"Ba sai na gani ba."

Ta ajiye farantin ta dube shi. "Kai malami ne, ka yanke hukunci a kan abin da ka ƙi gani?"

Wannan maganar ce ta ƙona shi. Daga ƙaramar Sallah har babba gaisuwa kaɗai ke haɗa su. Daga baya sun shirya, irin shirin da ba a sake tayar da zancen. Kuma dole na faɗi gaskiya a kan Baffa: da Gwaggo ta kwanta ciwo, kullum bayan asuba shi ne mutum na farko a ƙofar ɗakinta, shi ke ɗaga ta ya ba ta magani. Yana sonta. Filin nan ne dai bai taɓa takawa ba har aka daina.

Akwai wata yarinya a ajinmu mai shan inna, ƙafarta ta hagu a shanye, da sanda take tafiya. Duk malamin da ya fitar da mu fili, aikin da yake ba ta ɗaya ne, ta zauna ta tsare takalma. Ranar farko da Gwaggo ta gan ta a kan tarin silifas ta ce, "Ke, wa ya ɗauke ki gadi?" Ta sa aka kawo benci cikin da'ira, ta zaunar da ita, ta ce ita ce mai ba da waƙa, saurin tafin kowa kuma a hannunta yake. Ashe yarinyar murya gare ta. Bayan 'yan makonni Gwaggo ta ce mata, "Yau ke za ki faɗo." Yarinyar ta fara kuka, ta ce za ta karye. Gwaggo ta karɓi sandar ta jingine, ta tsaya a bayanta da kanta, ta ce, "Ni ce a nan. Idan kika taɓa ƙasa ki daina gaishe ni." Yarinyar ta rufe ido ta saki jiki, muka tare ta tare da Gwaggo, muka ɗaga ta sama. Ihun da ta yi da dariyar da ta biyo baya har hedimasta sai da ya fito daga ofis.

Yanzu tela ce a Kasuwar Sabon Gari. A rana ta uku ta zo gaisuwa, kuma ita kaɗai ce a cikin duk wanda ya shigo gidan ta buɗe baki ta ce, "Malama ce ta sa ni a gaɗa." Wata dattijuwa ta yi saurin cewa a yi wa mamaciya addu'a.

Abin ya fara lalacewa ne da aka kawo sabon hedimasta. Mutumin kirki ne a wajen mu'amala, amma jarrabawa kaɗai yake gani. Ya ɗauke lokacin motsa jiki na manyan azuzuwa ya mayar na bitar lissafi. Gwaggo ta shiga ofishinsa da littattafanta, ta buɗe masa shafi tana nuna masa cewa ranar da yara suka motsa sun fi sauraro. Ya ce, "Malama, a takardar jarrabawa babu tambaya a kan tafi." Bayan shekara biyu aka zo da bulo da yashi, aka gina sababbin azuzuwa a kan filin, har kusurwar jikin katanga. Yara sun yi yawa, ana bukatar azuzuwan, ita ma ba ta musa ba. Abin da ta roƙa shi ne a bar mata ko da faɗin tabarma goma. Ba a bari ba.

Sau uku tana ɗaukar littattafan nan a jaka ta kai wani ofishi na masu kula da makarantu. Zuwan farko aka ce mai gidan ya fita. Na biyu aka ce ta rubuto a takarda. Na uku ta samu ganin wani jami'i, ya ɗaga littafi ɗaya da yatsu biyu ya juya, ya ce, "Hajiya, wannan ai ba bincike ba ne. Bincike sai a jami'a ake yi. Ke takardar me gare ki?"

Ina gida ta dawo. Ta wurga jakar a kan gado, ta tsaya tana huci, ko mayafi ba ta cire ba. Sai ta nuna ni da yatsa ta ce, "To ke za ki je mini jami'ar."

Na je kuwa. Na karanta ilimin motsa jiki da lafiya, na fara koyarwa, na yi aure, na haihu. Da na koma digiri na biyu, na zaɓi yin bincike a kan koyar da wasannin gargajiya na 'yan mata a firamare, da yadda suke sa yara motsi. Ranar da na gaya mata ta tashi ta taka a tsakar ɗaki, tana da shekara saba'in da ɗoriya.

A nan ne laifina ya fara, kuma haushin da nake ji da masu gaisuwa bai kai rabin wanda nake ji da kaina ba. Malamin da ke duba aikina ya ce ba zan iya kafa hujja da littattafan Gwaggo ba tunda ba a buga su ba, gara na nemo abin da aka rubuta a wasu ƙasashe a kan rawarsu ta gargajiya a makarantu. Na shafe watanni ina karanta yadda yaran wasu mutane ke rawa, alhali mai abin tana zaune a gidan da na girma. Da na zo wajenta ma, da takardar tambayoyi na zo, da wayar da na kunna don ɗaukar murya.

Na ce, "Gwaggo, tambaya ta farko. A ganinki mene ne amfanin gaɗa ga lafiyar yara?"

Ta ce, "Tashi."

"Tambayoyi ne kawai, Gwaggo, ba za mu daɗe ba."

"Na ce ki tashi. Abin da kika yi kina yarinya kin manta rabinsa, wanda muka haɗa da Iya bayan kin bar makarantar kuma ba ki taɓa gani ba. Ajiye takardar nan ki cire takalmi."

Na dubi agogo. Lokacin ɗauko yara daga Islamiyya ya yi, ga cunkoson hanya. Na ce mata sati mai zuwa zan zo da wuri mu yi. Ta ce, "Ke ma kin zama 'yar gindin darbejiya." Na yi dariya na tafi. Sati mai zuwan ya zo na aika a ce mata ina da taro. Na gaba kuma ɗana ba lafiya. Kafin na waiwayo, wata safiya ta faɗi a bakin rijiya, ɓarin jikinta na dama ya shanye, harshe ya karye. Wata biyar ta yi a kwance. Idan na shiga takan dube ni, ta riƙa buga tafin hannun hagu a kan katifa, uku a jere, ta dakata, ta sake. Na san wani abu take koya mini. Ban gane ba, ba ta kuma da bakin da za ta fassara.

Bayan addu'ar bakwai aka ba ni jakar littattafan. Na ɗauka na samu taska. Shafukan ƙirgen bugun jini a bayyane suke, kowa zai iya karantawa. Amma inda ta rubuta wasannin kansu, don kanta ta rubuta. Kalmar farko ta waƙa kawai, sai "tafi uku, hagu, juya, a faɗa," sai wani zane kamar ƙugiya, wani wurin kuma "irin na Iya" kawai ta sa. Babu karin waƙa, babu saurin taku.

Duk da haka na gwada. Wata makaranta a Sabon Gari ta ba ni izinin lokacin tara, a wani lungu tsakanin gini biyu. Na tara 'yan mata, na tambayi wadda ta iya gaɗa. Biyu suka ɗaga hannu, su ma a wajen kakarsu suka taɓa ji. Na tsaya riƙe da littafi ina karanta musu "tafi uku, hagu, juya." Suka yi tafi uku, suka matsa hagu, suka juya, suka tsaya suna kallona. Wata ta ce, "Anti, shi ke nan?" Aka kaɗa ƙararrawa suka watse da gudu, ko gumi babu wadda ta yi. A cikin adaidaita na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Yanzu duk Asabar da safe ina gidan Iya. Telar nan takan rufe shagonta na awa biyu ta zo. Iya tana kan kujera, gwiwa ta hana ta tashi, da hannu da baki take nuna taku. Telar tana tuna karin waƙoƙin, amma yawancin takun daga benci ta gan su. Ni ce mai ƙafa biyu lafiyayyu, kuma ni ce ban san komai ba. Ina cire takalmi na tsaya a tsakar gida, mace da 'ya'ya uku, jikokin Iya suna leƙe ta taga suna dariya. Iya ba ta da sassauci. "Sake. Duƙa sosai. Haka kika ga tana yi? Sake!"

Wasu shafukan mun farfaɗo da su, na rubuta su dalla-dalla, na ɗauki hoton motsin a waya. Asabar ɗin da ta wuce muka kai wani shafi da Gwaggo ta ja wa layi biyu a ƙasa, ta rubuta a gefe, "Wannan ya fi duka, har malalata suna shiga." Na karanta kalmar farkon waƙar. Telar ta girgiza kai, ta ce bayan zamaninsu ne. Na miƙa wa Iya littafin. Ta sa tabarau, ta daɗe tana kallo, leɓenta yana motsi, ta ɗaga hannu kamar za ta tafa sai ta sauke.

Ta ce, "Shekarar da na yi jinyar mahaifiyata Gwaggonki ta haɗa shi. Ta ce za ta nuna mini, muka yi ta cewa gobe." Ta rufe littafin ta miƙo mini. "Wannan ita kaɗai ta sani, 'yata. Buɗe na gaba."

Na buɗe na gaba.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yafe mata zafin ranta, ya yalwata mata makwanci fiye da filin da aka hana ta. Mu kuma da muka yi ta ce mata gobe, Allah ya yafe mana.